Hakin Wuyan Hamida

Cikin Basiratu na wata bakwai ta rufe ɗakinta na Filingue ta tafi Tungar Haske goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari a ƙasar Kurfai. Mijinta Tahiru, mai gyaran moto, wato babur, a bakin tashar motocin Yamai, shi ya kai ta da kansa, yana tafiya yana kauce wa ramuka kamar wanda ya ɗauko ƙwai.

Gidan da ta sauka ba na uwar da ta haife ta ba ne. Uwarta ta rasu tun tana rarrafe. Ƙanwar ubanta, Gwaggo Delu, ita ta goya ta, ita ta riƙe hannunta ta kai ta lakwal, makarantar boko, ita ta sayar da tumakinta ta yi mata kayan ɗaki. Gwaggo ta haifi uku, ƙasa ta rufe ukun. Duk Tunga an san na ƙarshen ya tafi da shaƙewar wuya tun yana tsumma, an kuma san abin da Gwaggo ta ɗora wa laifi: hakin wuya, ɗan naman nan da ke reto can ƙarshen baki. Wai wanzami ya yi tafiya, ba a cire wa yaron da wuri ba, abin ya kumbura ya toshe masa numfashi. Tun daga nan, duk jaririn da aka haifa a Tunga, Gwaggo ce ke fara tambaya, "An kira Dodo?" Dodo shi ne wanzamin garin.

Basiratu ta san wannan duka. Shi ya sa maganar ta daɗe a bakinta kafin ta fito.

Wata hantsi Gwaggo na jera itacen jego a gindin danga, Basiratu ta zo ta durƙusa da ƙyar, ciki ya tokare ta.

"Gwaggo, akwai wata magana."

"Mi ne ne? Kwaɗayin kilishi ya sake tashi?"

"Abin ga da ke tahe... in Allah Ya sauke ni lahiya... kada a taɓa mishi wuya."

Gwaggo ta saki icen da ke hannunta, ta riƙe haɓa. "A'uzubillahi! Mai haihuwar fari da baki? Ke da ko kallon abin ba ki isa ki yi ba gaban mutane, har kin fara yi mishi doka tun yana ciki? Wa ya kitsa miki? Madam ɗin likita mai farar riga?"

"Ita ma ta faɗa wajen awo. Amma ba don ita ba. Maƙwabciyata a Filingue, an cire wa nata ina tsaye. Jini bai tsaya ba, Gwaggo. Ni na wanke tsummokaran."

"Kwana ne ya ƙare. Ke kanki da Dodo bai cire miki ba, wa zai durƙusa nan yana yi mini karatun lakwal?"

Basiratu ba ta ja da ita ba. Ta kama ƙafar Gwaggo da hannu biyu, ta kife goshinta a kai. Ta san in ta haihu bakinta ya rufe ke nan. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a nuna ana sonsa, balle a tsaya gaban manya ana gardama a kansa. Wanda zai zama bakinta a kwanakin nan mutum ɗaya ne.

"Ba ni da kowa sai ke. Ki yi mini alkawari."

Gwaggo ta kau da kai wajen itacen. Can ta ce, "Tashi, kada ki danne mini jika."

"Alkawari, Gwaggo."

"Na yi alkawari. Ba a taɓa shi. Tashi."

Allah Ya sauke ta lafiya, ɗiya mace mai yawan gashi. Ranar suna aka raɗa mata Hamida. Dodo ya zo da zabirarsa, ya yi aski a ƙofar ɗaki, Basiratu na bayan labule tana sauraron kowane motsi. Ta ji ƙarar ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ta ji Dodo ya ce, "To, a buɗe mini bakin." Sai muryar Gwaggo, a tsaye kamar turmi: "Aski kawai, Dodo. Mayar da ƙarfenka." Mata suka yi ta salati, wata ta ce duniya ta zo ƙarshe. Basiratu ta cusa fuska cikin filo ta yi kukan godiya. A ranta ta ce ko uwar da ta haife ta iyakar abin da za ta yi ke nan.

Daga ranar ta saki jiki. Safe da maraice Gwaggo na tafasa ruwa a babbar tukunya, ta kai bayan zanar makewayi, ta tsoma reshen sabara ta riƙa fyaɗa mata a baya har tururi ya rufe su. Basiratu na ihu, Gwaggo na dariya tana cewa, "Raguwa! Wanda ya ci daɗin aure ai ya sha zahin ruwa." In an gama ga kunun kanwa na jira.

Bayan suna da 'yan kwanaki Gwaggo ta tashi tana dafe da ƙugu. Ta ce bayanta ya riƙe, yau ba ta iya sunkuyawa, ta kira maƙwabciyarta Balkisu ta yi wankan.

"Sannu, Gwaggo," in ji Basiratu. "Ni na gajiyar da ke. In na hito in murza miki man shanu."

"Je ki kafin ruwa ya huce. Miƙo mini ita."

Basiratu ta miƙa mata Hamida da hannunta.

Balkisu mace ce mai surutu, amma ran nan ta wuce kima. Tana fyaɗa ruwa tana ba da labarin wani bunsuru da ya shiga masallaci, da ƙarfi kamar mai magana da kurma. Ruwa ya kusa ƙarewa ta ce saura ƙafafu, ta ƙaro wani. Cikin wannan hayaniya Basiratu ta ji kukan. Ba na yunwa ba ne, ba na fitsari ba. Ya fita sau ɗaya da kaifi, sannan ya koma kamar ana kurkurar ruwa.

Ta miƙe. Balkisu ta riƙe mata hannu. "Zauna, ba a tashi tsakiyar wanka, iska na shiga..."

Nan ta gane. Ta dubi idon Balkisu, Balkisu ta dubi ƙasa.

Ta bangaje zanar ta fito da jiƙaƙƙen zane. Dodo na tsugune yana goge ɗan lanƙwasasshen ƙarfensa. Gwaggo, mai ciwon baya, na zaune ɗas bisa tabarma, Hamida a cinyarta, jini na bin gefen bakinta zuwa kunne.

"Ɗiyata!" Basiratu ta kurma ihun da aka ji har bakin rijiya. "Hamida! Ɗiyata!"

Matan da suka leƙo ta kan danga ba jinin ya fara kama su ba. Mai haihuwar fari ta kira sunan ɗiyarta da bakinta, a tsakar gida, gaban wanzami. Basiratu ba ta ga kowa ba. Ta fizge jaririyar, ta ja mayafin da ta samu, ta fita ba takalmi. A bakin hanyar jan ƙasa ta tare wani mai moto da buhun gero a bayansa, ya dubi bakin jaririyar, ya ture buhun ƙasa ba tare da ya tambayi komai ba.

A likitar Filingue majo, babban mai jinya, ya yi ta fama kafin jinin ya tsaya. Hamida ta ƙi kama nono. Bakin ya kumbura, zazzaɓi ya hau. Basiratu na tatsa cikin kofi tana ɗiga mata da cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Tahiru ya rufe rumfarsa ya zo ya tsaya bakin taga, ba ya iya shiga ba ya iya tafiya.

Washegari Gwaggo ta iso bisa amalanken jaki, da ƙwaryar kunun kanwa a rufe da faifai. Ta tsaya a ƙofa.

"Ga kununki. Mai jego ba ta kwana da ciki wayam."

Basiratu ba ta ɗago ba.

"Jinin banza ne ya hita, ɗiyata. Kwana biyu za ta..."

"Kin dafe baya," in ji Basiratu, muryarta ƙasa ƙasa. "Har na ce in murza miki mai. Ni na miƙa miki ita da hannuna."

"Basiratu..."

"Ranar suna da kika kori Dodo, kin riga kun shirya ranar da zai dawo?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai, ta gyara faifan ƙwaryar.

"Ɗauki ƙwaryarki."

Allah Ya yi da sauran kwana. Kumburin ya saɓe, Hamida ta kama nono, aka sallame su. Basiratu ba ta koma Tunga ba. Ta wuce ɗakinta na Filingue da arba'in bai cika ba, abin da ba a taɓa ji ba. A Tunga aka ce Delu ta yi riƙon banza. A Filingue tsofaffin unguwa suka ce jikin da bai gasu ba sai ya ruɓe ta ciki. Ta bar kowa da bakinsa. Tana ɗumama ruwanta a ɗan kasko, ta shimfiɗa Hamida a inda idonta ke kaiwa, ta yi wanka tana kallonta. Ko Tahiru ya ɗauke ta ya nufi ƙofar gida sai ta ce, "Ina za ka da ita?"

Kowace ranar kasuwa amalanke na zuwa daga Tunga ya sauke itacen jego a ƙofar gida. Ba saƙo, ba gaisuwa, itace kawai, an faskara shi daidai murhu. Basiratu ta hana a shigo da ko ƙirare ɗaya. Tulin ya yi ta girma har awakin unguwa suka mai da shi wurin hawa.

"Tsohuwa ce fa," in ji Tahiru wata rana yana wanke baƙin mai a hannunsa. "Ni ma raina ya ɓaci. Amma ita ta goya ki."

"Shi ya sa. Da Balkisu ce kawai, da tuni na manta."

Yarinya ta warke, uwar ce ba ta warke ba. Tuwo ba ya yi mata ɗanɗano. Ta ta da kabbara, kafin ta kai ruku'u ta tsinci kanta tana gardama da Gwaggo, tana jera mata maganganun da ba ta samu faɗa ba. Kullum fuskar da take gani ɗaya ce: Gwaggo na kallon zanar makewayi tana murmushin mugunta, tana cewa Dodo, "Bar 'yar lakwal, mu gama abinmu." Ita ta ƙera wannan fuska, ita kuma take kwana da ita take tashi da ita. Har nononta ya fara ja baya.

Mutum ɗaya ke sa ta dariya: Kadijatu, Bafulatanar da ke kawo nono daga rugar da ke bayan gari. Tun Basiratu na amarya suke ciniki, ciniki ya zama zumunci. Ɗanta Umaru ya fara zama, ya yi nauyi, don haka in rana ta take sai ta sauke shi wurin Basiratu ta zaga unguwanni da ƙwaryarta.

"Fofo, Bakaɗiya mai fushi!" haka take shigowa, da gaisuwarsu da sunan tsokanar da Fulani ke kiran Bahaushiya. "Itacenku ya kusa kai Yamai. Ku ba ni in dafa wa maigidana Buba shayi har jikokinshi."

"Kwashi, in kin iya ɗaukar alhakin da ke ciki. Wanga nono naki ko, rijiya nawa kika wuce da shi?"

"Rijiya? Saniyata ko ruwa ba ta sha, don kada a yi mata ƙazafi!"

Abu ɗaya ne ba sa dariya a kansa. Kadijatu ba ta yarda a ɗiga wa Umaru maganin rigakafin shan inna ba. Mijinta Buba ya hana, ita ma ranta bai kwanta ba, ta ce ɗan yayarta ya yi ta zazzaɓi bayan an ba shi. Basiratu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta nuna mata gurgun da ke jan gindi a bakin tasha.

"Kina son Umaru ya zama haka?"

"Allah Ya tsare. Ke ɗiyarki taki ce, nawa nawa ne. Ki riƙe mini shi, amma bakinshi ban ba kowa ba."

"To, na ji. Ba mai taɓa shi."

Ran nan da hantsi, Kadijatu ta fita da ƙwarya ba da jimawa ba, aka yi sallama. Mata biyu ne 'yan rigakafi masu zaga gida gida, ɗaya da shuɗin akwatin ƙanƙara, ɗaya da alli. Basiratu ta ɗauko Hamida, aka ɗiga mata, aka shafa mata tawada a ɗan yatsa. Mai akwatin ta hangi Umaru bisa tabarma yana cin ƙafarsa.

"Wancan fa, madam?"

Basiratu ta dube shi. Ƙafafu ɓul ɓul, masu lanƙwasa kamar na ɗan maraƙi. Ta ga gurgun tasha. Ta ga Kadijatu nan da shekaru tana goye da ƙaton yaro da ƙafafu na reto, tana kuka tana cewa da na sani. Ɗigo biyu ne kawai. Ba jini, ba tabo. In ta roƙa a bar tawadar, wa zai sani? Kadijatu ba mugunta gare ta ba, rashin sani ne, kuma yaro ba ya jiran uwarsa ta waye. Wata rana ma sai ta gode.

Ba ta san sanda ta ɗauko shi ba. Ta kwantar da shi a cinyarta, ta sa yatsu biyu ta matsa kumatunsa. Umaru ya ɗauka wasa ne, ya wangale baki yana mata dariya. Ta waiga ƙofa, ta ce:

"Ku yi sauri kafin ta dawo."

Maganar ta fita, ta tsaya a tsakar gida kamar baƙo. Basiratu ta ji ta da kunnenta. Wani ya taɓa faɗin wannan magana. Ba ta ji ba a lokacin, tana bayan zana Balkisu na ba ta labarin bunsuru, amma ba shakka an faɗe ta, da jariri a cinya, da ido a kan ƙofa. Ta dubi hannunta da ke riƙe da kumatun yaron. Rawa yake yi. Ta laluba cikin ranta ko za ta sami murmushin mugunta, ko raini ga Kadijatu. Babu. Tsoro ne kawai, da son yaron da ya cika mata ƙirji har yana yi mata zafi.

Ashe haka abin yake daga ciki.

"Ke ce uwarshi?" in ji mai akwatin.

"A'a."

"To ina uwar? Rana na yi, madam, ƙanƙara na narkewa."

Basiratu ta saki kumatun. Ta goge wa Umaru yawu da gefen zanenta. "Ta tahi tallan nono. Ku biyo da la'asar, ku yi magana da ita da kanta."

Da Kadijatu ta dawo ta ga alli a jikin ƙofa, ta ajiye ƙwarya ba sallama, ta ɗauki Umaru tana juya yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba a sa mishi ba," in ji Basiratu. "Amma na ɗauke shi. Na buɗe bakin. Saura kaɗan."

Kadijatu ta tsaya da yaron a hannu. "Ke?"

"Ni."

"Ke da kika bar garinku da jiƙaƙƙen zane? Ke da itace ke ruɓewa a ƙofarki?"

"Ni ɗin. Kuma har yanzu ina nan kan maganata, Kadijatu. Kuskure kike yi. Ranar da kika yarda, ni zan raka ki likita da ƙafata. Amma ba ni yin shi a bayan idonki."

Kadijatu ta goya ɗanta, ta ɗaure zane tamau har sau biyu, ta ɗauki ƙwarya ta fita. Ba ta jira la'asar ba.

Washegari ta zo. Ta auna nono, ta zuba, har ta ƙara ɗan gyara kamar kullum. Amma Umaru na bayanta, ba ta kwance shi ba. Ya miƙo hannu yana yi wa Basiratu gwaranci, Basiratu ta miƙa nata, Kadijatu ta ɗan juya kafaɗa kamar mai gyara ƙwarya.

"Rana na da zahi yau," in ji Basiratu.

"Ya saba."

Ta fita. Basiratu ta tsaya da hannuwa a buɗe, ba komai a ciki. Ba ta ga laifin Kadijatu ba, ko ita ce haka za ta yi. Ta bi ta da kallo har ƙofa, idonta ya sauka kan tulin itacen. Kowane ice an sare shi daidai, an kankare ƙayar. Ta tuna wadda ke faskara shi, a gidan da ba kowa sai ita da tukunya.

Ranar kasuwa da amalanke ya zo, ta ce wa mai jakin kada ya sauke, ya ƙara da na ƙasa. Tahiru ya taya lodi, sai da ta hau ta zauna bisa itacen da Hamida a baya ya ce, "In biyo ki da moto?"

"In arba'in ya cika."

Ta sami Gwaggo a gindin danga tana tsintar wake. Ta rame, ɗankwalinta ya yi mata yawa. Babbar tukunyar wanka na kife, kaji sun yi kashi a kai. Gwaggo ta ɗago, ta ga mai shigowa, ta ga itacen da ake saukewa, ta mayar da ido kan faifai.

"Kin dawo mini da shi ke nan."

"Na dawo da shi inda murhu yake."

Suka gaisa, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau ba. Basiratu ta zauna a bakin tabarma, ba ta kwance goyo ba.

"In kin zo in ce na yi kuskure," in ji Gwaggo, "jakin bai yi nisa ba."

"Ban zo don haka ba. Kin yi kuskure, ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba. Kin kusa kashe ta, Gwaggo. Kuma kin karya alkawari."

"Na karya. Ina kallonta tana tsotso, ina jin numfashinta, irin na wancan ɗan nawa da ya tahi. Na ce gara ki ƙi ni da ɗiya a bayanki, da ki so ni muna zaman makoki." Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake. "Ga ta nan da ranta. Ke ki ce likita, ni in ce Dodo."

Da a makon jiya ne, da wannan magana ta tashe ta tsaye. Yau ta ji ta, ta ji zafinta, amma zafin bai kama ko'ina ba. Ta dubi hannuwan da ke cikin faifai, masu jijiyoyi da tsagar gatari.

"Hannunki ya yi rawa ran nan?"

Gwaggo ta daina tsinta. "Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa."

"Sai da Dodo ya ce in kwantar da ita bisa cinya. Ya ce yau Delu, da kika riƙe mini ɗiyan Tunga duka, ke ce ba ki iya riƙo?" Ta ja gefen ɗankwali ta share hanci. "Tsohon banza."

Basiratu ta tashi. Ta birkice tukunyar, ta wanke kashin kajin, ta cika ta da ruwan randa, ta haɗa wuta da icen da ya je Filingue ya dawo. Gwaggo na bin ta da ido. Da ruwa ya tafasa ta kai makewayi, sannan ta tsaya ta kwance igiyar zana ɗaya, wadda ke fuskantar tabarma, ta jingine ta gefe.

"Mi kike yi haka? Tsirara za ki yi wa Tunga?"

"Daga ni sai ke a gidan ga. Ke kuwa ba abin da ba ki gani ba." Ta juyo. "Ki ji, Gwaggo. Wagga, da duk wanda Allah Ya ƙaro, ba ki kaɗaita da shi sai ya yi bakin kawo mini ƙara. Dodo kuma iyakarshi ƙofar gida."

"Ma gani."

"Ba ma gani ba. Haka za a yi."

Gwaggo ta taɓe baki. "Ɗiyan zamani. An raine su, su dawo suna rainon mutum."

Basiratu ta kwance goyon. Hamida ta yi miƙa, ta buɗe ido. Hannuwan Gwaggo sun riga sun taso daga cinyarta, suka tsaya a rabin hanya, ba su ƙarasa ba. Basiratu ta ji zuciyarta na bugawa kamar ran nan. Ta sunkuya ta sa jaririyar a cikinsu.

"Kai, kai, kai," in ji Gwaggo. "Dubi yadda aka ramar mini da ke. Ruwan ɗumi da nonon Fulani, ina jiki zai hito?"

Basiratu ta shiga makewayi, ta zauna bisa kututture ta fuskanci inda ta buɗe. Ta tsoma reshen sabara, ta fyaɗa wa bayanta da kanta. Ruwan ya yi zafin da ta manta da irinsa, ta cije leɓe. Tururi ya taso ya rufe mata ido, ta kaɗa shi da hannu.

Can bisa tabarma Gwaggo ta gyara zama, ta juya gaba ɗaya ta fuskanci makewayin. Tana jijjiga jaririyar tana yi mata ƙorafin uwarta. Duk sanda tururi ya yi yawa sai ta ɗaga Hamida sama kaɗan, fuskar na kallon zanar da aka buɗe, ta riƙe ta haka har ya wuce.

"Ga ta nan," take cewa, ba tare da ta dubi kowa ba. "Ga ta nan. Ki gasa ƙugun da kyau, raguwa."

Basiratu ta sake tsoma reshen. Wannan karon ba ta yi sauri ba.